Yadda ake tsara bututun ruwa na tafkin ninkaya a gida

Abin da ido ke gani a tafkin ninkaya shi ne ruwa garai-garai da tayil mai ƙyalli. Sai dai tsaftar ruwan, da kuɗin wutar da maigida zai riƙa biya, har ma da rayukan yaran da za su shiga ciki, duk sun rataya ne a kan bututun da aka binne ƙarƙashin kankare, waɗanda ba a sake ganinsu da zarar an kammala gini.

Ana iya sauya inji ko mataci cikin yini guda. Amma bututun da aka shimfiɗa ba daidai ba, gyaransa sai an fasa daɓe an tone ƙasa. Wannan ne ya sa masu sana'ar ke kammala zanen hanyoyin ruwa a takarda kafin a sa diga a ƙasa, domin kamar yadda Hausawa ke cewa, tun ran gini ran zane.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A kangon birnin Mohenjo-daro da ke lardin Sindh na ƙasar Pakistan, akwai wani tafkin wanka da aka gina fiye da shekaru 4,000 da suka wuce, mai tsawon kimanin mita 12 da faɗin mita 7. Maginansa sun shafe shi da kwalta don kada ya yi yoyo, suka kuma yi masa magudanar fitar da ruwa. Tambayoyin da suka amsa a wancan zamani su ne dai ake amsawa a yau: ta ina ruwa zai shiga, ta ina zai fita, kuma yaya za a hana shi zurarewa.

Zagayen ruwa

A tafkin zamani ba a zubar da ruwa a sake sabo kullum. Ruwa ɗaya ne ke ta zagaye. Inji yana zuƙo shi daga tafki, ya tura shi cikin mataci, a zuba masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya koma inda ya fito.

Saboda haka bututun sun kasu gida biyu. Akwai ɓangaren zuƙa, wato daga tafki zuwa inji, da kuma ɓangaren turi, daga inji zuwa tafki. Idan bututun turi ya huje, ruwa ne zai riƙa fita. Idan kuwa na zuƙa ne, iska ce za ta riƙa shiga yayin da inji ke aiki, a ga kumfa na fitowa cikin tafki, ƙarfin injin ya ragu, wani lokaci ma ya yi ta juyawa babu ruwa har ya lalace.

Na'urorin suna da jeri wanda ba a saɓa masa. Inji ne a farko, da kwandonsa mai tare ganye da gashi, sai mataci, sai na'urar ɗumama ruwa idan akwai, sannan a ƙarshe na'urar zuba sinadarin kulorin. Dalilin sa kulorin a ƙarshe shi ne, idan yana da ƙarfi yakan cinye ƙarfen da ke cikin na'urar ɗumama ruwa. Akan kuma sa bawul mai hana ruwa komawa baya a tsakaninsu, don kada sinadarin ya gangaro da baya bayan an kashe inji.

Lissafi kafin sayayya

Mataki na farko shi ne sanin yawan ruwan da tafkin zai ci. Alal misali, tafki mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, wanda matsakaicin zurfinsa mita ɗaya da rabi ne, zai ɗauki lita 75,000.

A tafkunan gida, akan so adadin ruwan da ya kai cikin tafkin ya ratsa mataci cikin awa 6 zuwa 8. Idan aka ɗauki awa 6, ke nan inji zai riƙa tura lita 12,500 a kowace awa. Wannan adadi shi ne ginshiƙin duk sauran tsarin, da shi ake zaɓen inji da mataci da kaurin bututu.

Zagaye ɗaya ba ya nufin an tace dukkan ruwan, domin wanda aka tace yana komawa ya gauraya da wanda ba a tace ba. A lissafi, ko da ruwan na gaurayuwa sosai, kimanin kashi biyu cikin uku ne ke ratsa mataci a zagayen farko, sai a zagaye na uku ake kaiwa kusan kashi 95 cikin 100. Idan kuma akwai lungun da ruwa ke kwanciya ba ya motsi, to a nan gansakuka ke fara tsirowa, komai yawan sinadarin da aka zuba.

Kaurin bututu

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa babban inji da siririn bututu. Ruwa na gogayya da bangon bututun da yake bi, kuma idan gudunsa ya ninka sau biyu, gogayyar kan ƙaru kusan sau huɗu. Ƙa'idojin da ake aiki da su a Amurka domin tafkunan gida sun tanadi kada gudun ruwa ya wuce ƙafa 6 a daƙiƙa a ɓangaren zuƙa, wato kimanin mita 1.8, da kuma ƙafa 8 a ɓangaren turi, kimanin mita 2.4.

A misalin da aka kawo, idan lita 12,500 za su bi ta bututu guda mai kaurin milimita 50, gudun ruwan zai kai kusan mita 2.2 a daƙiƙa, wato ya zarce ƙa'idar zuƙa. Amma a bututu mai milimita 63, gudun zai sauka zuwa kimanin mita 1.4, gogayyar kuma ta ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙarin kuɗin babban bututu sau ɗaya ake biyansa, alhali wutar da inji zai ci yana fama da siririn bututu, kullum ake biyanta.

Kowace gwiwa da aka sa wa bututu tana ƙara wa inji nauyi kamar an ƙara tsawon bututun. Don haka akan bi hanya mafi kusa, a rage kwana, inda kuma ya zama dole a yi kwana, a yi amfani da gwiwa mai lanƙwasa a hankali.

Babban bututu yana kuma ba da damar cin moriyar injin da ake iya rage wa gudu. Idan aka rage gudun irin wannan inji da rabi, ruwan da yake turawa zai ragu da rabi, amma wutar da yake ci kan sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Tun daga watan Yulin 2021, ƙa'idojin tsimin makamashi na Amurka suka sa galibin manyan injinan tafki da ake ƙerawa domin kasuwar ƙasar suka koma irin wannan.

Nau'in bututun ma abin dubawa ne. Bututun roba na PVC iri biyu ne a kasuwa: mai kaurin bango da aka yi domin jure matsin ruwa, da kuma mai siririn bango na magudanar banɗaki da kicin. Sun yi kama a ido, na biyun ya fi araha, amma bai dace da tafki ba. Akan rubuta ƙarfin matsin da bututu ke jurewa a jikinsa. Akwai kuma bututun PVC mai laushi da ke lanƙwasuwa, mai sauƙin aiki, sai dai an san gara na huda shi a ƙarƙashin ƙasa.

Inda ruwa ke fita da inda yake dawowa

Mafi yawan dattin tafki a saman ruwa yake fara zama: ƙura, ganye, ƙwari, da maiƙon jiki. Akwatin yaɗe datti, wanda masu sana'ar ke kira sikima, shi ke zuƙe wannan datti kafin ya nutse. Ana gina shi a bakin bango, ruwa kuma ya tsaya daidai tsakiyar bakinsa. Magina da yawa a Turai kan sa sikima ɗaya ga kowane murabba'in mita 25 na saman ruwa, wato tafkin da aka yi misali da shi zai buƙaci biyu.

Iska ce ke nuna inda za a sa shi, domin ita ke kora datti zuwa gefe guda. A Kano ko Yamai, alal misali, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta tara ƙura a gefen kudu maso yamma, da damina kuma iskar ta juya ta fito daga kudu maso yamma. Wanda zai sa sikima biyu a irin wannan wuri, yana da kyau ya yi la'akari da lokutan biyu.

Kafofin da ke mayar da ruwa kuwa, akan jera su ne yadda za su riƙa kora saman ruwa zuwa ga sikima, wasu kuma a karkatar da su ƙasa don su motsa ruwan gindi. Matakala da kusurwoyi su ne wuraren da ruwa ya fi kwanciya. Idan aka jera kafofin a kan bututu ɗaya miƙaƙƙe, ta kusa da inji za ta fi ƙarfi, ta ƙarshe ta yi sanyi. Maganin haka shi ne a kewaye tafkin da bututu kamar zobe, ko kuma a raba ruwan ta rassa masu tsawo ɗaya.

Har ila yau, ya fi kyau kowane sikima da magudanar gindi su sami nasu bututun har zuwa ɗakin inji, kowanne da bawul ɗinsa. Ranar da ɗaya ya toshe ko ya huje, sai a rufe shi kaɗai, sauran su ci gaba da aiki.

Magudanar gindi da haɗarinta

Babu wani sashe na wannan tsari da ya kai magudanar gindin tafki haɗari. A watan Yunin 2002, wata yarinya 'yar shekara 7 mai suna Virginia Graeme Baker, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, ta rasu bayan da magudanar wani ƙaramin tafkin ruwan ɗumi ta zuƙe ta, ta manne a ƙarƙashin ruwa. Yarinyar ta iya iyo sosai. Mahaifiyarta ta yi ƙoƙarin janye ta amma ta kasa, sai da maza biyu suka haɗa ƙarfi, har murfin magudanar ya karye, kafin aka ciro ta.

Dalilin wannan ƙarfi a fili yake. Iskar da ke kewaye da duniya tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kimanin kilo ɗaya. Magudana mai faɗin santimita 20 tana da fili na murabba'in santimita fiye da 300. Idan jikin mutum ya rufe ta ruf, ko da rabin wannan matsi kawai injin ya janye daga ƙarƙashi, ƙarfin da zai riƙe mutumin zai haura kilo 150.

Ban da mannewar jiki, gashi kan nannaɗe a murfin magudana, hannu ko ƙafa kan shige idan murfin ya fashe ko ya cire, haka ma sarƙa ko igiyar kayan wanka kan maƙale. Yaron da ya zauna a kan buɗaɗɗiyar magudana kuwa na iya samun mummunan rauni a hanji.

Bayan fafitikar da mahaifiyar yarinyar ta yi, majalisar dokokin Amurka ta zartar da wata doka mai ɗauke da sunanta, wadda shugaba George W. Bush ya sanya wa hannu a watan Disambar 2007, ta kuma fara aiki a Disambar 2008. Dokar ta wajabta cewa duk murfin magudanar da za a sayar a ƙasar ya cika ƙa'idar hana maƙalewa, kuma tafkunan jama'a masu magudana ɗaya su ƙara wata kariya, kamar na'urar da ke sakin zuƙa ko ta kashe inji da zarar an toshe magudanar. A shekarar 2011 hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta ƙasar ta sanar da janye murafan magudana kimanin miliyan ɗaya, bayan da aka gano cewa adadin ruwan da aka ce suna iya ɗauka ba daidai ba ne.

Dokar ba ta tilasta wa masu tsofaffin tafkuna a gidajensu yin gyara ba, amma darasin ya shafi duk mai sabon gini a ko'ina yake. A sa magudana biyu maimakon ɗaya, a bar tazarar akalla ƙafa 3 tsakaninsu, wato kimanin santimita 90, yadda jiki ɗaya ba zai rufe su duka ba. A haɗa su da bututu mai kauri, reshen da zai tafi inji ya fita daga tsakiyarsu daidai, kuma kada a sa bawul ɗin da zai iya rufe ɗaya ya bar ɗaya. Kowane murfi ya kasance zai iya ɗaukar dukkan ruwan da inji ke ja shi kaɗai. Murafan na ɗauke da wa'adin shekarun aikinsu a rubuce, domin rana da kulorin na sa roba ta yi rauni. Wasu magina ma sun daina sa magudanar gindi kwata-kwata, suna dogara da sikima da kyakkyawan jerin kafofin mayar da ruwa.

Idan an yi kafar jona tiyon share gindin tafki a jikin bango, ita ma tana zuƙa da ƙarfi, saboda haka sai an yi mata murfi mai rufe kansa.

Ɗakin inji

Gwargwadon kusancin inji da tafki, gwargwadon sauƙin aikinsa. Idan an kafa shi ƙasa da tsayin ruwan tafkin, ruwa na gangaro masa da kansa, amma sai an sa bawul gabansa da bayansa, in ba haka ba ranar da aka buɗe shi domin gyara tafkin zai malalo cikin ɗakin. Irin wannan ɗaki kuma yana buƙatar magudana a daɓensa.

Idan kuwa inji na sama da ruwan, duk lokacin da aka kashe shi ruwa na iya komawa baya ya bar bututu da iska. A wuraren da ake yawan ɗauke wuta, wannan na iya faruwa sau da dama a yini, don haka bawul mai hana komawa baya na da amfani ƙwarai. Akan kuma bar miƙaƙƙen bututu a bakin injin, wanda tsawonsa ya kai ninki huɗu zuwa biyar na kaurinsa, don ruwa ya shiga a natse.

Mataci mai yashi ana wanke shi ne ta hanyar juya ruwa ya bi ta baya, ya kwashe dattin zuwa waje. Ke nan tun a zane za a san inda wannan ruwa zai tafi. Ruwa mai kulorin na kashe kifi, yana kuma cutar da tsirrai, don haka ba a sakinsa cikin rafi ko gidan maƙwabci. Ba a kuma juya hannun bawul ɗin mataci inji na aiki.

Ɗakin na buƙatar iska da filin da mai gyara zai tsaya. Ba a ajiye kulorin kusa da asid, domin haɗuwarsu na fitar da iskar gas mai guba. Wayoyin wuta kuwa aikin ƙwararren mai lantarki ne: a haɗa dukkan ƙarafan tafki da waya ɗaya, a sa na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara zurara, fitilun cikin ruwa kuma su kasance masu ƙaramin ƙarfi, kamar bolt 12. Bututun da wayoyin za su bi shi ma tare da na ruwa ake binne shi.

Cikawa da ambaliya

Tafki na rasa ruwa kullum saboda rana da iska. A tafki mai murabba'in mita 50, raguwar santimita ɗaya daidai take da lita 500. Bututun cika tafki bai kamata bakinsa ya nutse cikin ruwan ba, sai an bar tazara ko an sa na'urar kariya, domin idan ruwan famfo ya ɗauke, ruwan tafki na iya komawa cikin bututun ruwan sha na gida.

Da damina kuma ana buƙatar bututun ambaliya da zai fitar da rarar ruwan sama. A inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kusa, akan sa wani bawul a gindin tafkin wanda ke buɗewa ya bar ruwan ƙasa ya shigo idan an kwashe na ciki. Rashin haka kan sa tafkin da ba kowa a cikinsa ya taso sama kamar kwalekwale, ya karya bututun da ke jikinsa.

Kafin a mayar da ƙasa

Bayan an haɗa bututun da gam an bar shi ya bushe, sai a toshe dukkan kafofi, a cika su da ruwa, a ƙara matsi fiye da wanda za su yi aiki da shi, a zuba wa ma'auni ido. Magina da dama kan bar shi kwana guda, wasu ma har a gama zuba kankare, don a gane nan take idan wani lebura ya fasa bututu. Idan allurar ma'aunin ta sauka, akwai yoyo. Masu ƙera bututun PVC na gargaɗin kada a yi wannan gwaji da matsattsiyar iska, domin idan bututun ya fashe, ɓaraguzansa kan tarwatse su ji wa mutane rauni.

A shimfiɗa yashi ƙarƙashin bututu da samansa, a kawar da duwatsu masu kaifi, a kuma daddale ƙasa a hankali. Bututun da ke fili a rana a shafa masa fenti, saboda hasken rana na sa PVC ya yi rauni. Idan ana tunanin ƙara wani abu nan gaba, kamar na'urar ɗumama ruwa da hasken rana, a binne bututunsa tun yanzu a toshe bakinsa.

A ƙarshe, a ɗauki hoton kowane rami da awon nisansa daga bango kafin a rufe, a rubuta sunan kowane bututu a ɗakin inji, a kuma adana zanen tare da takardun gida. Bayan shekara goma, idan ruwa ya fara raguwa fiye da kima, wannan takarda ce za ta nuna wa mai gyara inda zai tona, maimakon ya fasa daɓen gaba ɗaya yana lalube.